Amsa kan 11/25 da aka rubuta a hoton ƙirjin Baba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Kin ce kwana shida yana fama da tari da zazzaɓi, likita ya sa kuka taso daga Agege aka yi masa siti-sikan na ƙirji, wato hoton da ke nuna cikin huhu dalla-dalla, takarda ta fito da 11/25, hankalin gida duk ya tashi.

Ɗaukar hoto ne aikina a wani asibiti nan Legas, kuma ina bakin na'urar nan tun da korona ta shigo a Fabrairun 2020. Huhun mutum kashi biyar ne, uku a dama, biyu a hagu. Kowane kashi ana ba shi maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon inda ciwo ya mamaye, shi ne ake haɗawa a samu 25. Lafiyayyen huhu baƙi yake fitowa saboda iskar da ke ciki. Inda bairos ya taɓa sai ki ga wani hazo-hazo irin na hunturu, ya lulluɓe wurin amma ana hango jijiyoyin jini ta ciki. A korona ya fi zama gefe-gefe da ƙasan huhu, dama da hagu. In abin ya yi nisa sai wurin ya toshe ya koma fari fat.

To 11 tsaka-tsaki ne. Sai dai makin na ranar da aka ɗauka ne kawai. A kwana biyun farko hoto yakan fito tas alhali ciwon na nan, kuma yawanci sai wajen kwana na goma yake kai ƙarshen muninsa. Har yau ina tuna wani ɗan kasuwar Mile 12 da ya ga hotonsa fes ya koma kan tumatirinsa, bayan mako guda aka dawo da shi ranga-ranga. Baba yana kwana na shida, don haka kwanakin da ke tafe su ne na sa ido.

Ki nemi 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, ki riƙa auna masa oksijin safe da rana da dare. In ya sauka ƙasa da 92, ko yana haki a zaune, ko ya fara ruɗewa, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Hoton ba ya faɗin sunan cutar, domin mura mai tsanani da korona kan yi kama. Gwajin hanci ne ke rabewa. Tarin kuma in ya haura mako biyu, a gwada majina saboda tibi, wato tarin fuka.

Don Allah kada a sake masa wani sikan don kwantar da hankali kawai. Hasken da yake ratsa jiki da shi, mai illa in ya yi yawa, ya ninka na eksire sau gommai, ga tsada, kuma hazon yakan yi makonni a hoto bayan mutum ya miƙe. Sai in likita ne ya nema, misali in yana zargin gudan jini a huhu. Irin wannan sikan ɗin da allura ake yinsa, kuma akan duba ƙoda tukuna.