Amsa: Tunda zinariya ba ta tsatsa, mene ne na gwaji?

Malam, ka tambaya mene ne amfanin gwada ƙananan ƙwayoyin zinariya kafin a sa su a magani, tunda zinariya ba ta tsatsa. To, zoben hannu daban, ƙwayar nanomita 15 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) daban. Ita wannan kutsawa take cikin ƙwayar halitta, shi ya sa ake duba ko tana lalata DNA, wato ma'ajiyar bayanan gado.

Gwajin Ames da aka saba, wanda ake yi da bakteriya don a ga ko abu yana sauya DNA, bai wadatar ba, domin bakteriya ba sa haɗiye ƙwayar zinariyar. Sai a koma ga ƙwayoyin halittar mutum ko na ɓera. A gwajin comet, DNA ɗin da ya karye yakan ja jela kamar tauraro mai wutsiya, ana gani da madubin likita. Wani lokaci ma, in an ga ɓarna, laifin na sinadarin da aka lulluɓe zinariyar da shi ne, irin CTAB.

Jan layin abin gwajin maleriya ma galibi zinariyar ce, amma shi ba ya shiga jiki.