Hukuncin Sanya Na'urar Auna Zafin Mama Don Gano Sankara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata sankarar mama ce ajalinta, tsoro bai bar ni ba. Na ga ana tallar wata na'ura da ake sanyawa cikin rigar mama, tana auna zafin jiki, wai tana gano cutar tun da wuri. Ya halatta in sa? Yaya sallata da wankana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki.

Sanya ta halal ne, 'yar'uwa. Asali a irin waɗannan abubuwa shi ne halacci, kuma Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usama bin Sharik. Ba laya ba ce, domin sababinta sananne ne: ƙari, wato tsiron sankara, yakan jawo sabbin jijiyoyin jini, wurin ya ɗan fi sauran fata ɗumi, na'urar ta aika awon zuwa waya.

Sallarki ta inganta da ita matuƙar babu najasa. Alwala ba ta shafe ta ba, azumi ma haka. Wankan janaba da na haila kuwa dole ki cire ta, domin sai ruwa ya game fata, kuma a mazhabar Imamu Malik cuɗawa farilla ce. Idan manhajar na'urar da ke cikin waya tana neman hoton ƙirji, ki kiyaye. Al'aura ce, ba a miƙa ta ga wanda ba a san inda yake adana ta ba.

Abin da ya fi damuna daban ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2019 cewa awon zafi ba ya maye gurbin mamogiram, wato hoton cikin mama da ake ɗauka a asibiti don gano sankara. Ƙari yana iya kasancewa can ciki fata ba ta yi ɗumi ba, kumburi na banza kuma ya ɗaga awon. Saboda haka dogaro da ita kaɗai har ki bar asibiti bai halatta ba, cutar da kai ne. Wanda ya sayar da ita da sunan ta wadatar, ya yi algus.

Ke da cutar ta taɓa gidanku, ki je ki gaya wa likita tarihin mahaifiyarki, ya tsara miki lokutan gwaji. Ki nemi mace. In babu, namiji ya halatta gwargwadon lalura. Ranar da kika ji ƙullutu, ko kika ga jini daga kan nono, ki tafi ko da na'urar ta ce lafiya lau.

Wallahu a'alam.