Amsa kan hajijiyar da ke taso wa Mama idan ta juya kai

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce duk sanda ta juya a kan gado ko ta ɗago daga sujada sai ɗaki ya riƙa juya mata, an auna jininta bai hau ba, ta sha Stugeron, maganin jiri, har ta gaji. Na yi fama da irinsa, kuma ba ƙwaya ce ta raba ni da shi ba, hannun likitan fisiyo ne, wato masu yi wa mutum magani ta hanyar motsa jiki.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyin kalsiyam, ƙanana kamar yashi. Idan suka ɓalle daga mazauninsu suka faɗa ɗaya daga cikin bututu uku masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa motsin kai, da an juya sai su gangara, ƙwaƙwalwa ta ɗauka duniya ce ke juyawa. Shi ya sa abin ba ya kai minti ɗaya, yana lafawa idan an natsu. Likitoci na kiransa BPPV. Stugeron na rage tashin zuciya, amma ba ya mayar da ƙwayoyin, ga shi yana sa tsofaffi barci da kasala, wanda ni shi ya fi damuna, don faɗuwa ba ta yi wa tsoho kyau.

Ku kai ta sashen fisiyo ko na kunne, hanci da maƙogwaro. Gwajin da za a fara shi ne Dix-Hallpike: ana zaunar da mutum, a karkata kansa gefe, a kwantar da shi da sauri, likita na kallon yadda idanu ke rawa. Daga nan ake gane kunnen da ke da matsala. Sai a yi juyin Epley, wanda Dokta John Epley na Amurka ya wallafa a 1992: ana juya kai daki-daki, a dakata kamar daƙiƙa 30 a kowane mataki, har ƙwayoyin su koma gurbinsu. Ki gaya wa Mama tun a gida cewa jirin zai taso sosai lokacin, kada ta tsorata. Ni na riƙe hannun likitan gam, amma washegari na yi ruku'u lafiya lau. Wasu sai an maimaita musu, kuma yakan dawo bayan watanni.

Don Allah kada ku kwaikwayi bidiyon YouTube ba ku san kunnen ba, balle idan tana da ciwon wuya. Idan kuma jirin ya zo da nauyin baki, ganin abu biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ta kasa tsayuwa sam, wannan na iya zama shanyewar ɓarin jiki, a garzaya asibiti nan take.

Kafin ku je, ta riƙa sallah a zaune, kuma wani ya raka ta banɗaki da dare.