Amsa ga mai tambaya kan kaske da ke cin tsakar ka

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ka ce kana aikin haɗa sauti a Marwa ta Kamaru, kaske, wato abin sauraron nan da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa, baya sauka daga kanka awa bakwai zuwa takwas a rana, yanzu da an yi awa biyu sai tsakar kanka ta ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi, kuma kana tunanin kai wa tela ya naɗa maka soso mai kauri a jikin bakan da ya ratsa saman kai, ko hakan zai yi. Na ga wasu sun ce ka ƙara soson, wasu sun ce ka sayi sabo kawai ka huta. Ni shekarata goma sha bakwai ina aikin na'ura a wani gidan rediyo a nan Garwa, kuma wannan ciwon na sha shi har ya kai ko hula na ɗora sai in ji kamar ƙaya, shi yasa na ce bari in zauna in rubuto maka da kyau.

Dan Allah kar ka fara da ƙara soso. Ni ma da shi na fara. Na yanko soson katifa mai kaurin yatsa uku na naɗa da tsumma, ranar farko na ji daɗi, kwana na uku ciwon ya dawo ya fi na da, saboda soson ya ɗaga kasken sama, kunnuwan suka daina zama daidai, kuma nauyin duk ya sake taruwa a wuri guda. Abin da ke cin kanka ba rashin laushi bane, nauyi ne ya tsaya a ɗan wuri ƙarami. Yawancin bakan kaske lanƙwasarsu bata yi daidai da ta kan mutum ba, sai ka ga tsakiyar ce kaɗai ta taɓa, gefe da gefe suna lilo a iska. Ka yi lissafi da kanka. Kaske mai gram 270, in wurin da ya taɓa santimita 2 ne sau 3, kowane santimita ɗaya na fatar kanka yana ɗauke da gram 45 kenan. In ka baza wannan nauyin a kan maɗauri mai faɗin santimita 4 da tsawon 15, ya koma gram 4 da rabi. Nauyin bai ragu ba ko kaɗan, amma matsin ya ragu ninki goma. Kuma tsakar ka babu tsoka da zata tare, fata ce kawai a kan ƙashi.

Wanda ya fahimtar da ni wannan wani dattijon baduku ne a babbar kasuwa, Allah ya saka masa da alheri. Na kai masa kasken na ce Baba a sa min fata a kan soson nan, sai ya karɓa ya juya shi ya ɗora a kaina ya zura ɗan yatsa ta gefe, yatsan ya shige har ya leƙo ta baya. Ya ce yaro ka taɓa ganin mai tallan fura ta ɗora ƙwarya a kan dunƙulen tsumma? Gammo take yi, kuma gammo tsakiyarsa rami ne. Wallahi a nan kaina ya waye. Matanmu suna ɗaukar tulu cike da ruwa su yi tafiya mai nisa, don gammon ya kewaye tsakar kan ya bar ta a sake, nauyin ya sauka a zagaye. Toh duk wani baka mai daɗin sawa, wannan hikimar ce a cikinsa.

Kafin ka taɓa komai ka fara gano inda naka yake taɓawa. Sa kasken yadda ka saba, ka samu wani ya yanko siririyar takarda ya rinƙa zura ta ƙarƙashin bakan daga kunnen dama zuwa na hagu, duk inda ta wuce salin alin wurin baya ɗaukar komai, inda ta maƙale nan ne mai ciwon. Ko ka goga alli a cikin bakan ka sa na minti biyar ka duba inda ya bar fari a gashinka. Sannan ka je wurin mai shago ya ɗora maka shi a sikeli ka san nauyinsa. Don ka samu abin gwadawa, Sony MDR-7506 da ake gani a ɗakunan rediyo tun 1991 wajen gram 230 ne, Beyerdynamic DT 770 Pro wajen 270, Sennheiser HD 25 kuma 140 kacal. A ganina in abu ya haura 300 kuma zaka wuni da shi, sai bakan ya zama na kirki sosai. AirPods Max ma da ya kai gram 385, ai shi yasa suka yi masa raga mai faɗi a sama maimakon soso.

Hanyar da ta fi yi min aiki, kuma har yau ita nake kai, ita ce rataya. Wato ka bar bakan asali yana sama yana aikinsa na matse kunnuwa, sai ka ɗaura wani maɗauri mai faɗi a ƙarƙashinsa daga wannan gefe zuwa wancan, shi ne zai kwanta a kanka, bakan kuma bai taɓa ka sam. Ba ni na ƙirƙiro ba, AKG K240 tun 1975 haka aka yi shi, waya biyu a sama maɗauri a ƙasa mai bin kai da kansa. Amfaninsa shi ne fata ko ƙyalle yana lanƙwasa ya bi surar kan kowa, mai dogon kai da mai faɗin kai duk zai kwanta musu. Kai da kake Marwa ma ai ka fi mu sa'a, garin majema da dukawa, fatar akuya mai laushi wadda aka jeme da bagaruwa ba zata yi maka wuya ba. Ka ce a yanka maka faɗin santimita 4 zuwa 5 a tsakiya, ya rinƙa tsukewa zuwa baki, tsawon kuma kar ka yi kintace, ka samo waya mai laushi ka lanƙwasa ta a kanka daga saman kunne zuwa saman kunne ka zana a kwali ka kai masa. A kowane baki a sa ɗan guntun lastik kamar rabin yatsa don ya rinƙa bada kai, amma kar ya yi yawa, in lastik ɗin ya yi sanyi maɗaurin zai miƙe ya je ya manne da bakan kaga an koma gidan jiya. Ma'aunin shi ne in ka sa, ɗan yatsa ɗaya ya iya shiga tsakanin maɗaurin da bakan.

Wasu ƙananan abubuwa da na koya da wahala. Ɗinki kar ya zo ta ɓangaren da ke taɓa kai, ko ƙulli ɗaya na zare bayan awa huɗu zaka ji shi kamar tsakuwa a takalmi. Kar a sa ƙusa ko maɓallin ƙarfe a tsakiya. Kuma ka nemi fatar da ba a rina ba, na taɓa yin ja mai kyau, zufa ta jiƙa ta, na fito da jan layi a kai har farar hulata ta ɓaci.

In kuma naka irin wanda babu fili ne, wato da ka sa shi ka riga ka zuge ƙafafun nan na gefe da ake ƙara masa tsawo da su har ƙarshe, toh rataya ba zata shiga ba, sai ka yi gammo. Ka cire soson tsakiya, ka sa guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ka bar fili kamar yatsa biyu a tsakani daidai inda allin ya nuna maka. Kaurin kar ya wuce santimita ɗaya, kuma hawa biyu zaka yi, mai ɗan tauri a jikin bakan irin robar silifas sabuwa, mai laushi ta ɓangaren da ke taɓa kai. Soso mai laushi zalla da an zauna a kansa yake mutuwa ya zama kamar takarda. HD 25 ɗin da na ambata su ta wata hanya suka bi, bakan ne ya rabu biyu kana buɗa shi ɗaya gaba ɗaya baya, tsakiya ta huta, duk dai maganar ɗaya ce.

Yanzu maganar zafinmu, don yawancin kayan nan ba don Garwa ko Marwa ko Kuseri aka yi su ba. A Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, in kuma aka ɗauke wuta ɗakin aiki ya zama tanda. Baƙar fatar roba da ake lulluɓe soso da ita, zufa da zafi suna cinye ta, ta fara ɓarewa tana bar maka baƙin ɓurɓushi a wuya da kwalar riga, kuma bata shan zufa, sai kai ya jiƙe maɗaurin ya rinƙa zamewa gaba. Soson nan mai tuna sura da ake yabo, wato wanda in ka danna shi yake ɗaukar surar abin da ya danne shi, wanda asalinsa daga binciken hukumar sararin samaniyar Amurka NASA ne a shekarun 1960, shi ma da ya ji ɗumi yake ƙara laushi, a ɗaki mai sanyi abin so ne amma a namu zafin yakan kwanta da wuri. A azumin 2023 da ya faɗo tsakiyar bazara muna ɗaukar tafsiri kullum, daga nan in zauna gyaran sauti har dare, na gwada maɗauri uku a watan nan. Wanda ya ci shi ne fata a sama, ƙyallen auduga zalla ninki biyu a ciki, an haɗa shi da abin mannewa irin na takalmin yara don in cire in wanke duk Juma'a. Ka yi guda biyu, ɗaya na shanya ɗaya na kai. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke haɗuwa da man gashi ta daskare, wankin dai shi ne.

Akwai abin da mutane basa lura, kunnuwan ma suna ɗaukar nauyi. Matsin da bakan ke yi ta gefe yana riƙe wani kaso, saura ya sauka a sama. In soson kunnuwa ya tsufa ya lafe, riƙon ya ragu, sai komai ya koma tsakar ka, kai kuma kana ta zargin bakan. Ka duba naka, in shekara biyu baka canza su ba, wataƙila rabin ciwon daga nan ne. Kuma soson da ya lafe yana barin hayaniya ta shigo, sai ka rinƙa ƙara murya baka sani ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarfin sauti desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar babban mutum, kai kuma awanninka sun riga sun wuce haka, ka tausaya wa kunnenka dan Allah. In kuma matsin ne ya yi yawa kana jin shi a gefen ido da muƙamuƙi, ka jera littattafai faɗinsu ya ɗan fi kanka, kamar santimita 17, ka ɗora kasken ya kwana. Wannan ga mai ƙarfe a ciki ne. Na roba zalla kar ka takura masa, na taɓa karya wani mara suna da na saya a kasuwa da hannuna, ƙas ɗaya ya rabu biyu. In kana sa tabarau ka ɗan ɗaga ƙafafunsa su hau saman soson, ko ka nemi soso mai gashi-gashi irin karan-miski, ya fi haƙuri da tabarau.

Igiya ma tana ja. Mai murɗaɗɗiyar igiya a gefe ɗaya, in ta rataya ƙasa tana karkatar da kasken, gefe guda na bakan ya rinƙa nutsewa. Ka maƙale ta a aljihun riga da ɗan maƙali ko ka ɗora ta kan tebur, zaka ji bambanci nan take.

Na ga wata 'yar uwa ta yi magana a ƙasan tambayarka cewa ita da kitso abin ya fi tsanani. Gaskiya ne Hajiya, muna da mai gabatar da shiri da in ta yi shuku bata iya minti talatin, don bakan yana danne tushen kitson daidai inda aka ja gashin. Mun yi mata maɗauri mai faɗin santimita 6 na ƙyalle zalla ba fata, tana ɗan turo shi gaba kusa da goshi, ƙullin ɗankwali kuma ta mayar da shi ƙeya. Masu sa hula ma haka, hular da aka yi wa aiki mai tudu tana shiga fata in an danne ta, gara ka cire ko ka sa mai laushi.

Ciwon da matsi ke kawowa likitoci sun san shi, irin wanda hular kwano ke sa wa masu babur ne, kuma alamarsa ita ce in ka cire abin yana lafawa cikin awa ɗaya. In naka yana kwana, ko yana zuwa da jiri ko ganin dishi-dishi, wannan ba aikin baduku bane, ka je asibiti a auna ka har da hawan jini. Ni dai duk awa ɗaya ina sauke nawa minti biyar in murza wurin, lokutan sallah ma suna taimakawa.

Ka yi gwajin takardar nan yau, ka ɗauki hoton cikin bakan da inda ƙafafun suke tsayawa in ka sa, ka turo nan tare da nauyin da sikeli ya nuna, in na gani zan gaya maka ko rataya zata shiga ko gammo za'a yi. Kwalin da Baba ya yanka min har yanzu yana cikin durowata, zan ɗora ma'auni a kai in ɗauka in turo maka ka nuna wa badukunka.