Kanwa uwar gami, da dalilin da ya sa take kar tsami

Wani malamin sakandare da ke koyar da ilimin sinadarai a Gusau ya aiko da tambaya biyu. Ta farko ita ce ma'anar "kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta", da ko "kar" ɗin da ke ciki ta hani ce. Ta biyu kuwa, ko ya halatta ya riƙa kiran katalis, wato abin da ke gaggauta haɗin sinadarai, "kanwa uwar gami" a aji, tunda kanwa tana sa wake saurin nuna.

Malam, wannan "kar" ba ta hani ba ce, gajeriyar siffar "kashe" ce, kamar yadda ake cewa "ya kar shi". Ƙwarnafi shi ne zafin nan da ke tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro tare da gyatsa mai tsami, wanda mutanenmu tun da can suke jiƙa kanwa su sha dominsa. Ana kawo karin maganar idan an sami abin da ya yanke wata rigima, hankalin kowa ya kwanta. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyam kabonet ne da bayikabonet, ruwan tumbi kuma asid ne mai ƙarfi, don haka idan suka haɗu sai su zama gishiri da ruwa da iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce gyatsar da ke biyo baya. Mai hawan jini dai ya yi hattara, domin sodiyam ɗin yana da yawa.

Kana iya nuna wa ɗalibanka wannan da ruwan lemon tsami. Idan aka jefa ƙullutun kanwa a ciki, kumfa za ta riƙa tashi a hankali, amma idan aka daka ta aka zuba garin, nan take za ta tumfayo, saboda a bayan ƙullutu kaɗai asid ke iya taɓa ta, dakan kuwa ya yawaita wuraren da za su yi karo. Ɗumama ruwan ma yana ƙara sauri. Svante Arrhenius, masanin ƙasar Suwidin, ya bayyana dalili a 1889: ƙwayoyin sinadari ba sa sauyawa sai sun yi karo da ƙarfin da ya kai wani mizani, zafi kuma yana ƙara yawan waɗanda suka kai mizanin. A haɗe-haɗe da dama, ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salsiyas yana kusan ninka saurin, shi ya sa nono ke saurin tsami da bazara ya yi nawa da hunturu. Wannan mizanin ne kuma ya sa itace ba ya kamawa da kansa sai an ƙyasta ashana, ko da yake idan ya kama zafin da yake fitarwa ya fi na ashanar nesa ba kusa ba. Ba kowane haɗi ne ke fitar da zafi ba: bekin soda a ruwan lemon tsami zafi yake zuƙa, har a ji kofin ya ɗan yi sanyi.

A kan tambaya ta biyu, ban goyi baya ba. "Gami" haɗi ne, kuma an kira kanwa uwarsa saboda tana shiga miya da kunu da taba da magani da lasar dabbobi. Daga nan aka ari sunan aka laƙaba wa mai zuga, wanda ke haɗa mutane faɗa. A tukunyar wake kanwa tana sassauta fektin, abin da ke manne ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cikin waken da juna, shi ya sa yake nuna da wuri a ragi itace. Sai dai sharaɗin katalis shi ne ya rage mizanin ƙarfin da ake bukata, sannan ya fito yadda ya shiga. Misalinsa ƙarfen da ake amfani da shi wajen haɗa iskar naitirojin da haidirojin a sami amoniya, tushen takin yuriya, aikin da aka fara a masana'antar Oppau ta Jamus a 1913. Kanwa kuwa, a aikin da aka fi saninta da shi, tana kar tsami ita ma tana ƙarewa.

Abin dariyar shi ne, mai zuga ya fi kanwar kanta kama da katalis, domin yana gaggauta rigima ya koma gefe ko ƙwarzane babu. Duk da haka lafazin yana ɗauke da zargi, kuma ɗalibin da ya ji shi zai ɗauka kanwar tukunya ake nufi, ya rubuta haka a jarrabawa. Shawarata ita ce ka bar kalmar katalis yadda take, ka fassara ta da "mai gaggauta haɗi ba tare da ya ƙare ba", ka ajiye kanwa don darasin asid da abin da ke kashe shi.