Tambaya da Amsa: Yadda Ake Naɗa Kundin Waƙoƙin Rok da Pop har Ya Shiga Kasuwa

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne kan aikin situdiyo, don haka muka miƙa su ga masu aikin sauti da ke taimaka wa wannan fili. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jin ana cewa mawaƙan Turai da Amurka kan shekara ɗaya ko biyu a kan kundi guda mai waƙa goma. Me ke cin lokaci haka, alhali kowace waƙa ba ta wuce minti huɗu ba? Daga wani matashi mai koyon jita a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Naɗar kanta ba ta da tsawo idan mawaƙa sun goge da waƙoƙinsu. Ranar 11 ga Fabrairun 1963 ƙungiyar Beatles ta naɗi waƙa goma na kundinta na farko a yini ɗaya, a situdiyon kamfanin faifai na EMI da ke titin Abbey a Landan, domin sun daɗe suna kaɗa su a gaban jama'a a Libaful da Hambog. Shekara huɗu bayan haka, kundinsu Sgt. Pepper ya ci musu wajen wata biyar. A lokacin sun daina yawon wasa, a cikin situdiyon suke ƙirƙirar waƙar, ga shi kuma na'urarsu layin sauti huɗu kacal take ɗauka daban-daban. Idan layukan suka cika sai a matse su wuri guda a juye kan wani tef ɗin don a samu gurbi, kuma kowane juyi yana ƙara 'yar shuwa a cikin sautin.

A yau aikin kan fara ne tun kafin a kunna makirufo. Mawaƙi kan tara waƙa ashirin ko talatin a naɗin gwaji, ko da a waya ne, shi da furodusa su zaɓi goma zuwa sha biyu. A nan ake tsayar da gudun kowace waƙa, a duba ko murya na kaiwa inda karin ya fi tsini, a yanke baitin da ya yi yawa, a matso da amshi kusa. Wanda ya tsallake wannan mataki zai yi shi ne a situdiyo, inda ake cajinsa kowace awa.

Daga nan sai ganguna, su ake fara ɗauka a kiɗan rok, makaɗin yana jin ƙyas-ƙyas na na'urar riƙe lokaci a kunnensa. Saitin ganguna kan sha makirufo takwas zuwa sha biyu, kuma a nan matsala ta farko ke ɓuya. Bugu ɗaya yana isa makirufo na kusa kafin na nesa, idan aka haɗa su sai igiyoyin sautin su riƙa soke juna, ka ji gangar ta rame duk da an buga ta da ƙarfi. Maganinsa awo: makirufo biyu da ke rataye a sama a tabbatar nisansu ɗaya daga tsakiyar ƙaramar ganga, ko da zare ne a gwada, na ƙarƙashinta kuma a danna maɓallin da ke juya fuskar sautinsa. A sa sabuwar fata, a ɗaure ta daidai. Na'ura ba ta mai da matacciyar fata sabuwa.

Jitar bes, mai kaurin sauti, ce ke biyo baya, sannan sauran jita. Faɗin nan da kake ji a faifan rok, kamar jita ta cika kunne biyu, daga kaɗawa sau biyu yake: makaɗi ya yi ɗaya a tura ta hagu, ya sake wata a tura ta dama. Masu gaggawa kan kwafi ta farkon su liƙa a ɗaya gefen, sai ta dawo tsakiya da ƙarin ƙara kawai, don ɗan saɓanin da ke tsakanin kaɗawa biyun shi ne ke ba da faɗin.

Murya ce ta ƙarshe. Mawaƙi ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, da ragar tare iska a tsakani saboda haruffa irin su "b" da "f". A ɗauki waƙar sau biyar ko shida, sannan injiniya ya zauna ya tsinto layin da ya fi kyau daga kowace ɗauka ya jera su. Bayan awa biyu ko uku murya kan gaji, abin da aka ɗauka bayan nan da wuya ya shiga. Lissafa wannan duka sau goma sha biyu, ka ƙara da jayayya tsakanin 'yan ƙungiya, za ka ga inda shekarar ta tafi.

Tambaya: Na biya an yi wa waƙata miksin da mastarin. A situdiyo daɗi kamar me, amma a waya tana fashewa, a Spotify kuma ta fi sauran waƙoƙi rauni. Wa ya cuce ni? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, mai yiwuwa ba wanda ya cuce ki da gangan, amma daga bayaninki an matse waƙar fiye da kima. Aiki biyu ne daban. Miksin shi ne daidaita layuka talatin ko sittin su koma biyu, hagu da dama: wane zai yi sama, wane zai koma baya, ina za a rage wa jita kauri don murya ta fito. Mastarin kuwa a kan waɗannan biyun da aka gama ake yinsa, a ɗan gyara launin sauti, a daidaita ƙarfin waƙoƙin kundin da juna, a sa tazarar da ke tsakaninsu. Kamar guga yake bayan ɗinki. Idan tela ya karkata wuyan riga, mai guga ba shi da abin yi.

Abin da ke faruwa shi ne mawaƙa kan nace a ƙara musu ƙara, sai injiniya ya danne ƙololuwar sauti da na'urar matsewa har bugun ganga ya lafe. Spotify kuma yana daidaita ƙarfin waƙoƙi a kan awo guda, wato 14 ƙasa da sifili a ma'aunin LUFS. Duk waƙar da ta zarce sai ya rage ta. Kin ga an yi asarar bugun, ƙarar ma ba a samu ba. Manya ma sun faɗa wannan rami: kundin ƙungiyar Metallica na 2008, Death Magnetic, ya sha suka daga masoyansu saboda fashewar sauti, har wasu suka gwammace waƙoƙin kamar yadda suka fito a wani wasan bidiyo, inda ba a matse su haka ba.

Ki koma ki nemi a ba ki miksin ɗin da ba a matse ba, a fayil ɗin WAV mai bit 24, ƙololuwarsa ta tsaya wajen desibel 6 ƙasa da sifili. A sake mastarin, kada ƙololuwa ta wuce desibel 1 ƙasa da sifili, domin lokacin da manhajoji ke ƙanƙanta fayil sauti kan ɗan tashi, a nan fashewar ke shigowa. Kafin ki karɓa, ki saurara a waya, a mota, da ƙaramar lasifika guda ɗaya. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa-ƙasa, saboda haka idan bes ɗin ba shi da ɗan kaifi a sama, ɓacewa zai yi ɗungurungum.

Ɗakin ma ki dube shi. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kawai, ba ya tare sauti mai kauri. Katifa da labule mai nauyi sun fi shi aiki. Ƙaramin ɗaki ba aibi ba ne: kundin farko na Billie Eilish, na 2019, a ɗakin kwanan yayanta Finneas aka naɗi mafi yawansa, ya kuma ci kyautar Grammy ta kundin shekara. Sai dai wasu ƙwararru daban aka ba miksin da mastarin.

Tambaya: Me ya sa tsofaffin kundaye ba sa wuce minti arba'in da ɗan wani abu, na yanzu kuma wasu har waƙa ashirin da biyar? Daga wani dattijo mai tara faifai a Jos.

Amsa: Ranka ya daɗe, faifan garmaho ne ya yanka wannan awo. Dogon faifai mai inci 12, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kowace fuska tana ɗaukar kimanin minti 22 cikin daɗin sauti. In aka cusa fiye da haka dole a matse layukan da allura ke bi, ƙarfi da kauri su ragu. Abin da ya sami Thriller na Michael Jackson ke nan a 1982: da aka saurari gwajin farko sautin ya fito siriri, sai shi da furodusa Quincy Jones da injiniya Bruce Swedien suka koma suka datse wasu waƙoƙi suka sake haɗa su. Abin da ya fita ranar 30 ga Nuwamba waƙa tara ne, minti 42.

Faifan ne kuma ya koya wa mutane jeren waƙoƙi. Yayin da allura ke matsowa tsakiya, kaifin sauti na raguwa, shi ya sa ake buɗe kowace fuska da waƙa mai zafi a rufe da mai sanyi. Da faifan CD ya zo a 1982 da gurbin minti 74, kundaye suka fara kumbura. Sauraro ta intanet ya ƙara ingiza abin, don a Spotify da zarar an ji daƙiƙa 30 an ƙirga sauraro ɗaya, kuma a ƙa'idar da Billboard, mujallar da ke jera kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, ta kafa a 2018, an ɗauki sauraro 1,250 daga masu biyan kuɗi daidai da sayar da kundi guda. Yawan waƙa, yawan ƙirga. A ganinmu, kundi mai waƙa ashirin da biyar galibi mai sha biyu ne da aka ƙi tacewa.

Tambaya: Da gaske ne wani ɗan Beatles ya taɓa naɗa kundi a Najeriya? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Gaskiya ne. Paul McCartney ya naɗi mafi yawan Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa, Legas, a 1973, kan na'ura mai layi takwas. Mai ganga da mai jita ɗaya sun fice daga Wings, ƙungiyarsa ta bayan Beatles, dab da tafiya, shi ya kaɗa gangunan da kansa. 'Yan fashi kuma suka tare shi da wuƙa suka tafi da kasusuwan gwajin waƙoƙin, sai daga ka ya tuno su. A Landan aka ƙarasa aikin. Ta ɗaya ɓangaren, Bombino na Agadas ya je Nashbil a Amurka ya naɗi kundinsa Nomad na 2013 tare da furodusa Dan Auerbach.

Tambaya: Na kusa gama kundina. Yaya zan fitar da shi, kuma idan kamfani ya neme ni, me zan lura da shi? Daga wani mawaƙi a Kumasi.

Amsa: Malam, Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi. Sai ta hannun dillali irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Za su nemi fayilolin WAV, hoton bango mai kusurwa huɗu daidai, wanda aka fi so ya kai fiksel 3,000 a kowane gefe, da sunayen marubuta. Kowace waƙa za ta samu lambar ISRC mai harafi da alƙalumma 12, da ita ake bin sawun kuɗinta. Ka ɗora aƙalla mako huɗu kafin ranar fita, domin Spotify na buƙatar kwana 7 ko fiye kafin editocinsa su duba waƙar da ka gabatar musu, kuma kuskuren harafi ɗaya a sunanka na iya jefa kundin a shafin wani. Ranar kuwa Juma'a ce. Tun 10 ga Yulin 2015 kamfanoni suka daidaita a kanta, da can Talata ce a Amurka, Litinin a Ingila. Al'ada ita ce a saki waƙa biyu ko uku ɗaya bayan ɗaya kafin kundin. Beyoncé ta saki nata ba sanarwa a Disambar 2013 ya karɓu, amma wannan dabarar mai jama'a ce a ƙasa.

Kada ka ɗauki gutsuren waƙar wani ba izini. Manu Dibango na Kamaru ya kai ƙarar Michael Jackson kan amshin Soul Makossa, sai da aka biya shi aka sasanta a wajen kotu. Kai da duk wanda ya sa hannu a rubutu ku rubuta kason kowa ku sa hannu tun a situdiyo, kafin kuɗi ya fara shigowa.

Game da kamfani, ka sani kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na rubutu da kari, da na ainihin naɗin. A yarjejeniyar da aka saba, kamfani ne ke mallakar na biyun, kuɗin da ya ba ka tun farko kuma kafin alƙalami ne, daga kasonka za a cire. A ce an kashe maka dala 100,000, kasonka 15 cikin 100. Sai kundin ya kawo wa kamfani kusan dala 667,000 kafin ka sake ganin ko sisi. Rikicin Taylor Swift a kan wannan haƙƙi na biyu ya taso: a 2019 aka sayar da kamfanin da ke riƙe da naɗin kundayenta shida na farko, ta shiga sake naɗa su tunda da hannunta a rubutun, ta fara fitar da sababbin daga 2021, sai a 2025 ta saye na asalin. Saboda haka ka ba lauyan da ya san harkar waƙa ya duba maka shekara nawa kamfani zai riƙe naɗin, ko zai dawo hannunka bayan wa'adin, waɗanne kuɗaɗe za a cire daga kasonka, har da na bidiyo da talla, da kuma shekara nawa aka hana ka sake naɗa waƙoƙin bayan kun rabu.