Sukudirebata mai caji ta daina riƙe wuta

Tambaya: Salam, ni kafinta ne a Zariya, ina da tsohuwar sukudireba mai caji 12V da na gada wurin maigidana, yanzu ko ta kwana a caji sukurori kaɗan zan ɗaura sai ta mutu. In yar da ita ne ko tana gyaruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, kar ka yar da ita wallahi, yawanci injin lafiyarsa ƙalau batirin ne ya gaji. In ka kwance kwalin batirin yawanci za ka ga ƙananan batura goma irin NiCd (tsohon samfurin batir mai caji na nikel da kadmiyam) an jera su, kowanne 1.2V, to ɗaya ko biyu in suka mutu sai su ja sauran ƙasa, wani ma za ka ga farin gari kamar gishiri a bakinsa.

Kai wa mai gyaran lantarki ya sa maka baturan lithium masu lamba 18650 (lambar girman batirin ce) guda uku a jere, sun fi sauƙi a hannu kuma sun fi daɗewa, amma dole ya haɗa da ɗan allon nan BMS mai kare baturan kada caji ya yi musu yawa ko su zuƙe gaba ɗaya, kuma ka canza caja, don tsohuwar caja a kan lithium tana iya tada gobara, ba wasa ba. A guji baturan tsohuwar laftof da ba a gwada ba, arha ce ta banza.

In aljihu ba nauyi kuwa, ja mata waya mai kauri ka jona da batirin mota 12V, a shago ta wadatar. In kuma tana tartsatsi da warin ƙuna, yawanci burushin kabon na cikin injin, wanda ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, shi ne ya cinye, a duba shi tukun kafin ka kashe kuɗi a batir.